Tsintsiyar Da Ba Ta Iso Ba

"Da tsintsiyar ta iso da wuri, da yanzu yana raye."

Wani abokin aikin Yaya ne ya faɗa ƙasa-ƙasa ranar rasuwar. Auta, ƙanwar marigayin, tana miƙa musu ruwa ta ji. Ba ta ɗago kai ba, amma maganar ta zauna mata a ƙirji.

Yaya yana aiki ne a masana'antar bayan gari, inda ake amfani da wutar sola a raba ruwa a fitar da iskar haidurojin, a dura ta a manyan tukwane. Da ita ake ba gari lantarki in rana ta faɗi, ba hayaƙi ba ƙara. Sai dai in ta yi yoyo ta kama, ido ba ya ganin wutarta. Na'urar da ke ganowa ta lalace a lokacin, don haka mai shiga duba bututu sai ya miƙa tsintsiya gabansa. In bakinta ya kama, ya tsaya. Ranar, Yaya hannu rabbana ya shiga.

A safiyar ranar ce kuma Auta ta fara ganin Dogo. Ya shigo shagon Umma da rigar aiki irin ta Yaya.

"Tsintsiya nake so, masu dogon baki. Ke ce ƙanwar da ake cika mana kunne da ita? An ce ba kya magana."

"Ina yi," ta ce, idonta a ƙasa.

"To, alhamdulillahi, yau na riga kowa ji."

Ita da ba ta iya kallon namiji, sai ga ta tana zaɓe a hankali: wannan ɗaurinta ya saki, waccan ta cika gajarta. Ya samu benci ya zauna. Wayarsa ta yi ƙara, ya kifa ta a cinya. Ta gani, ta ji daɗi.

Bayan rasuwar bai daina zuwa gidan ba. Hannunsa na dama a naɗe yake, don shi ya janyo Yaya daga cikin wutar. Da aka kwance, fatar ta tattare kamar ledar da ta ji zafi. Da wannan hannun yake kai Umma asibiti in tarinta ya tashi. Da shi ya rubuto mata saƙon farko:

"Mai tsintsiya, yau na wuce shago ban gan ki ba, sai na ji unguwar ba kowa. Kin ci abinci?"

Ta rubuta, ta goge, ta rubuta: "Na ci. Ya hannun?"

"Da sauƙi. Zuciyar ce dai sai a hankali."

Suna hira a kan komai, ban da safiyar nan. Duk ranar da ta yi niyyar tambaya sai ta fasa.

Baba gyaran janareta yake yi. Tun da wutar masana'anta ta zo, shagonsa ya koma ma'ajiyar matattun injina. Ranar da Dogo ya zo da maganar aure, Auta tana bayan labule.

"Kun kashe min sana'a, kun kashe min ɗa, yanzu kuma 'ya kuke so?" in ji Baba. "Ga mai sayar da man dizal nan yana ta zarya a kanta. Shi dai in wuta ta kama shi, zai gan ta."

Umma ta yi tari har sai da ta dafa bango. "Malam, hayaƙin injinanka ne ya mai da ni haka. Tun da suka yi shiru nake samun barci. Kar ka ɗora wa yaron nan komai da komai."

Baba ya daɗe yana kallon hannun Dogo. "To ka bar aikin. In ka bari, na ba ka."

"Baba, ka yi haƙuri, ba zan iya ba. Sai da na tsaya musu a wuya kafin suka sa sabuwar na'ura, ni nake gwada ta kullum. In na tafi, wata rana ɗan wani zai sake shiga hannu rabbana."

Baba ya tashi ya shige ɗaki. Makonni ba ya amsa gaisuwar Auta sai da ka. Wata safiya tana zuba masa shayi ya ce, "Kina son sa?"

Hawayenta ya ɗiga a faranti.

"Shi ke nan. Allah ya yi muku albarka. Allah ya sa ya riƙa dawo miki da ƙafarsa."

Aka ɗaura aure ba hayaniya. Umma ta rungumi Auta tana addu'a, ta saka mata hoton Yaya a cikin akwati.

Washegari da hantsi Auta ta ɗauki sabuwar tsintsiya za ta share ɗakinta. Dogo yana ɗaure igiyar takalmi. Da ya ga abin da ke hannunta sai yatsunsa suka tsaya.

"Amarya, bar sharar nan, zan yi in na dawo."

Ta dubi hannunsa, ta dubi wayar da ke kife a kan katifa, kamar yadda ta taɓa kifewa a cinyarsa. Ta jingine tsintsiyar, ta zo ta zauna kusa da shi, ta riƙe hannun nan mai tabo da hannayenta biyu don kar ya janye.

"Mijina," ta ce, "ko me ka faɗa, ina nan, ba inda za ni. Ranar da kake zaune a shagonmu ina zaɓa maka tsintsiya, wayarka ta yi ƙara ka kifa ta. Yaya ne yake kira?"