Fuskar da Hambali Ya Sayo a Kasuwar Dungas

Zamanin da kumandan Bafaranshe ke zaune a Magarya, wata Talata da hantsi, Hambali na tsakar gidansu a Yekuwa yana gyara ƙotar hauya, sai ƙanwarsa Ƙande ta shigo daga rijiya tana dariya har ruwan tulu na zubo mata a wuya.

"Yaya, albishirinka! Na haɗu da Gwaggo Tamu."

Hambali ya ajiye ƙotar. Gwaggo Tamu yayar Baffa Dikko ce, mahaifin Hamsatu, yarinyar da Hambali ya shekara biyu yana nema a rugar da ke gabas da gari. Baffa Dikko ya amince, amma a gidan nan ko maraƙi ba a sayarwa sai Gwaggo ta gyaɗa kai.

Ƙande ta sauke tulu, ta tsuke baki, ta shaƙe murya ta koma tsohuwa sak: "Ni Tamu! Jinin gidanmu kamar nonon safe, a ɗauka a ba wannan? Yaron da in ya tsaya a inuwar tsamiya, sai ya yi murmushi kake sanin da mutum a wurin!"

Innarsu ta jefe ta da muciya. Hambali ya yi yaƙe, amma maganar ta zauna masa a ƙirji.

Ran kasuwar Dungas ya tarar da wani ɗan koli da ya tsallako daga wajen Kano, ya jera 'yan gwangwanaye a kan tabarma.

"Fomad ce, man shafawa na manyan birni, samari," in ji ɗan koli. "Kwana ashirin kawai ka yi fari, ko wadda ta haife ka sai ta tambaye ka daga wane gari!"

Hambali ya sayi ɗaya. Gwangwanin ɗan ƙarami ne, don haka ya yi dabara: fuska, wuya da hannuwa kaɗai zai shafa, tunda su ne riga ba ta rufewa. Ya daina zuwa gona wai ciwon baya, safe da yamma yana ƙuryar ɗaki yana murza. Ba a yi mako uku ba fuska ta washe, ta yi wani irin haske kamar cikin kabewa.

Da ya je hira, Hamsatu ta ajiye ƙwaryar nono ta zuba masa ido.

"Hambali, shawara ce ta kama ka?"

"Wace shawara, madmazel? Wayewa ake ce wa wannan!"

"Ni dai ban aike ka ba," ta ce, idonta ya kawo ruwa. "Mutumin da na ce ina so, ban ga inda ya gaza ba."

Sai ga ranar gayya. Al'ada ce mai neman aure ya tara abokai su nome wa suruki gona, kuma geron Baffa Dikko ya isa maimai. Samari ashirin suka jeru, makaɗi ya buga ganga, mata suka zo da fura suka zauna a gindin gawo, Gwaggo Tamu a gaba. Ta hangi fuskar Hambali, ta ce, "A'a! Ashe yaron wanka ne ba ya yi."

Wannan magana ta fasa masa kai. Makaɗi ya wasa shi, jini ya hau, samari suka tuɓe riguna kamar yadda ake yi — shi ma ya fizge tasa ya jefar!

Ganga ta tsaya cak.

Daga wuya zuwa sama mutum ɗaya, daga wuya zuwa ƙasa wani mutum daban. Hannuwan kuwa kamar ya tsoma su a ƙullu ya manta bai wanke ba.

"Wayyo ni Tamu!" Gwaggo ta dafe ƙirji. "An ɗora masa kan wani! Dikko, zo ka gani, wa ya ba shi aron kai?"

Samari suka zube a kunyoyi suna dariya. Hambali ya so ƙasa ta tsage, amma ya duƙa ya kama hauya, don ya san in ya gudu yau, ya gudu ke nan. Rana ta take. Fuskar ta yi ja, ta kumbura, kafin azahar ta yi bororo, gumi na shiga kamar barkono. Bai ɗago ba sai da ya kai kunyarsa ƙarshe.

Baffa Dikko ya zo ya daɗe yana dubansa.

"Ina da saniya mai farin hanci," ya ce. "Duk rani sai hancin ya yi miki, baƙaƙen kuwa ko a jikinsu. Noma ka yi shi, yaro. Amma ni ga wanda ya zo neman 'yata na yi alkawari. In ya dawo kafin kaka ta wuce, a ɗaura. In bai dawo ba, shanu za su yi kudu, sai baɗi."

Hamsatu ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka.

Washegari aka ɗora shi a jaki sai gidan likita na Magarya. Mushe Maharazu anfirmiye, ma'aikacin jinya, ya shinshina gwangwanin, ya karanta ɗan rubutun jikinsa, ya jefa a kwandon shara.

"Bon! Zaiba ka shafa, abokina, guba ce. Saurara. A ƙarƙashin fatarka akwai 'yan ƙwayoyi da ido ba ya gani, aikinsu rini, kamar marina a karofi. Baƙin da suke zubawa shi ne rumfar da ke tare maka rana. Man nan ya ɗaure musu hannu, ka shiga gona ba rumfa. Yanzu wasu za su farka a fusace su zuba rini fiye da kima, wasu su makara, za ka yi dabbare-dabbare. Da ka ci gaba, da ya bi jini ya sauka a ƙoda, hannu ya kama rawa."

"To maganin fa, Mushe?"

"Man kaɗanya, malfa, da haƙuri. Wala!"

Wata uku Hambali na yawo ƙarƙashin malfa da fuska kamar ƙwan zabo. Hamsatu ba ta fasa aiko masa da kindirmo ba ko sau ɗaya. Abin mamaki, wadda ta fi kowa matsuwa ita ce Gwaggo Tamu, don matan rijiya sun sa ta gaba wai bakinta ne ya ɓata ɗan mutane. Duk Juma'a sai ta dogaro sanda ta zo, ta kama haɓarsa ta juya a rana.

"Bai yi ba! Ku ƙara masa man!"

Ranar da aka kai damin ƙarshe rumbu, aka kira shi ruga. Gwaggo ta duba goshi, ta duba kumatu, ta ja kunnen hagu.

"Ko'ina ya koma, saura nan. Bayan kunnen nan bai nuna ba tukuna, Dikko."

Sai muryar Hamsatu ta fito daga bayan zana: "Gwaggo, wannan wurin ni ce zan riƙa ganinsa, kuma na yafe!"

Baffa Dikko ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Ran Lahadi aka ɗaura aure.

Saboda haka, samari da 'yan mata, launin da Allah ya ba ku ba datti ba ne, sutura ce da ke kare ku. Wanda ke son ku don Allah ba zai aike ku kasuwa neman wata fuska ba. Ku kuma manya, a riƙa tauna magana kafin a faɗa a bakin rijiya.