Tsohon da Ya Sami Yaya a Cikin Yashi

A wani gari, can da daɗewa, an yi wani tsoho mai cika baki. Kome aka ambata sai ya ce, "A gabana aka yi!" Da yake shi ne babba a garin, shi ake fara miƙa wa akushin nama.

Ran nan wata malama mai binciken duwatsu ta zo da wani ɗan dutse mai ƙyalli da ta tsinta cikin yashi, bai kai ƙwayar gero ba. Ta ce, "Wannan yana nan tun duniya na jaririya. Baba, yaya take a lokacin?"

Tsoho ya ce, "A gabana aka yi! Wuta ce ko'ina, ko ɗigon ruwa babu."

Malama ta ce, "To, alamun da ke cikinsa sun nuna ƙasa ta riga ta huce, har da ruwa."

Jama'a suka ce, "Ashe ya girme ka!" Suka ɗauke akushi, suka ajiye gaban dutsen.

Tsoho ya dubi nama, ya dubi dutse. Ya durƙusa, ya ce, "Ina wuni, Yaya? Wannan kam ba a gabana aka yi ba."

Ya kara kunne jim kaɗan, sannan ya jawo akushi. "Yaya ya ce ba shi da haƙori, wai in ci masa."