Guraben da Nazifi Ya Toshe

Ku matso kusa. Ke Bilki, ajiye wayar nan.

Kun san Nazifi ɗan Gwaggo Tasalla, mai haɗa na'urar famfon ban ruwa a Samaru. Wanda in ya fara zuba ba ya numfasawa. To, da ba haka yake ba. Da girman kai ne kawai ciwonsa.

Shi ke rubuta manhajar na'urar. A ƙwaƙwalwar inji kuwa, kaya ba sa zama barkatai. Gurbi-gurbi ne a jere, kowane gurbi ana ce masa bayit. Abu mai bayit takwas sai a farkon layin takwas yake zama. In ka sa ɗan mitsitsi mai bayit ɗaya a gabansa, sai a bar bakwai fanko a tsakani. Abin da ka zata tara ya koma sha shida. Duk masu sana'ar sun sani, kuma suna bari. Amma wai shi gwani. Ya ce asarar wuri ce, ya matse komai, ko gurbi ɗaya bai bari ba.

Da tsakar rana, layin shagunan ya yi tsit. Wani tsoho ya shigo shagon Nazifi ba sallama. Siriri ƙwarai. Ƙafafunsa kamar tsinken tsintsiya, kuma ba ya taka tayil ɗin da aka shimfiɗa a ƙasa, sai ɗan layin da ke tsakani.

"Yaro, ka rushe mana ɗaki."

Nazifi ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ce nan ba a ba da haya.

"Gurabe bakwai ɗin nan na cikin injinka. Ni da iyalina. Tun da kuka cike kangaye da gini muka koma can. Buɗe mana."

Sakaran ya yi dariya. Ya ce ai ba komai a wurin, fanko ne.

"Fanko," in ji tsohon. "Kai ma kana da shi."

Tsohon ya juya gefe. Aka neme shi aka rasa.

Da yamma Nazifi ya durƙusa gaida Gwaggo. Ya ce mata sannu da gida, ya tsaya ya ja numfashi. A ɗan shirun nan wani ya yi tari. Daga maƙogwaron Nazifi. Sai jariri ya fara kuka, wata mata tana lallashi.

Gwanin naku ya kwasa a guje ba takalmi, sai shago. Ya mayar da guraben yadda suke, yana hawaye, yana roƙo. Da ya yi shiru don ya ji amsa, muryar tsohon ta fito daga bakinsa.

"Nan ya fi ɗumi."

Shi ya sa yake zuba ba tsayawa. Ku kuna cewa iya magana ce. Tsoro ne. Ni dai ban taɓa jin tausayinsa ba, an roƙe shi da girma ya ƙi.

In kun ga gurbin da ba ku kuka bari ba, ku ƙyale shi. Kuma kada wanda ya zauna shago shi kaɗai da tsakar rana.

Gobe Nazifi zai zo gaida Innarmu. In ya tsaya haɗiyar yawu, kada ku saurara.