Kafin Giwaye Su Watse

Ranar Laraba ce, ranar da ruwan farko ya sauka a Bauchi. Tun azahar hadari ya taso daga wajen Tirwun, kafin la'asar ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika Fadaman Mada. Ni'ima ta faɗo gida a guje, mayafinta sharkaf, ta tarar da takalman baƙi a ƙofar ɗakin Baba, ga kwandon goro da katan ɗin alawa an jawo su ƙarƙashin rumfa.

Inna tana ta murmushi. Ta ce magabatan yaronta ne suka zo, Baba kuma ya karɓe su hannu biyu.

"Wane yaron?" in ji Ni'ima.

Inna ta dube ta sama da ƙasa.

"Yara nawa gare ki?"

Gaskiyar magana, samari biyu ne suke zuwa wajen Ni'ima. Kuma mako bakwai ke nan ba ta san wanne ne a cikinsu yake neman ta ba.

Abin ya samo asali ne daga shagon ɗinki. Bayan ƙaramar Sallah, da aiki ya lafa, Dorcas, ƙawarta da suke shago ɗaya, ta ce abin kunya ne a ce mutane suna tasowa daga Legas su zo ganin namun dajin Yankari, su kuwa da aka haifa a bakin dajin ko wutsiyar giwa ba su taɓa gani ba. Matan layin teloli su goma sha biyu suka ce za su je. Aka ɗora wa Ni'ima neman mota.

A haka ta haɗu da Mansir. Bas gare shi yana ɗaukar kaya daga Kasuwar Muda Lawal, amma kafin nan ya yi shekara uku yana tuƙa motar da ke zagayawa da baƙi cikin dajin. Mutum ne mara magana. Sai dai da ta tambaye shi ko da gaske za su ga giwa, bakinsa ya buɗe. Ya ce yanzu ne lokacin, tunda ko'ina ya bushe, duk dabbobin sun taru a bakin kogin Gaji. Ya ce da zarar ruwa ya sauka ciyawa za ta tashi, giwaye su watse cikin daji, sai mai rabo. Ya ce sirrin abin ɗaya ne: ka kashe mota, ka yi shiru, ka jira.

Ni'ima ta koma shago ta ɗinke hannun riga a baibai.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka yi sallama da ita a ƙofar gida. Ta fito ta ga mutum biyu a kan dakali. Mansir ya sha guga, hula zanna a kansa, idonsa a ƙasa. Kusa da shi wani dogo mai fara'a, wanda ya ce sunansa Abdulbaqi, yana sayar da atamfa a Muda Lawal, kuma shi da Mansir tun suna wasan ƙasa suke tare.

Kowa ya san yadda ake yi. Saurayi mai kunya yakan zo zance da aboki, abokin ya riƙa jan hira har a saba. Don haka a ranar farko Ni'ima ba ta da shakka. Ta zauna a gefen Abdulbaqi don kada ta haɗa ido da wanda zuciyarta ke bugawa dominsa. Abdulbaqi ya ba da labarin gwaggon birin da ya taɓa ƙwace wa wani alhaji kular abinci, ta yi dariya har da hawaye. Mansir bai ce komai ba sai sannu da sai an jima.

Juma'a ta biyu ma haka. Ta uku ma haka.

Daga nan ta fara rikicewa. Abdulbaqi ne ke tuƙo babur, Mansir a baya. To wa ya rako wa? Abdulbaqi ne ke miƙo leda, turare ko tuffa, ya ce ga saƙo, bai taɓa cewa daga wa ba. Yana kiran ta Gimbiyar Yankari. Ko da bakinsa yake faɗa, ko da bakin abokinsa, oho. Shi kuwa Mansir saƙonsa na waya bai wuce na tafiya ba.

A sa takalmi mai rufi.

Kada a sa jan kaya.

Kada a riƙe abinci a hannu a bakin ruwan Wikki.

Ni'ima takan karanta su sau goma, tana neman inda ya ɓoye wata magana. Ba ta samu ba.

Tafiyar kuma ta ƙi yiwuwa. Duk ranar da aka sa, Abdulbaqi ne zai kawo dalili. Yau ya ce a jira wani ɗan'uwansa ya nema musu ɗakuna, gobe ya ce zafi ya yi yawa ga mata. Sau ɗaya Mansir ya ɗaga kai ya kalli gabas ya ce, "Ruwa fa ya kusa."

A makon jiya ne Inna ta same ta tana tsince shinkafa, ta tambaye ta a hankali, yaron nan da ke zuwa, in ya turo a karɓa? Ni'ima ta ga hula zanna a idon zuciyarta. Ta sunkuyar da kai, tana wasa da bakin zaninta. Inna ta ce Alhamdulillahi, ta tashi.

Yanzu ga goro a ƙarƙashin rumfa, ruwa yana dukan kwano.

"Inna... su wa suka zo?"

"Alhaji Jalo mana, baffan Abdulbaqi. Yaron nan da muryarsa ta hana mu jin rediyo duk Juma'a. Ran Lahadi za su dawo a sa rana."

Ni'ima ta zauna a kan turmi, ba ta ma san a jiƙe yake ba.

Washegari ta kwashe komai ta faɗa wa Dorcas. Dorcas ta tsayar da keken ɗinki, ta riƙe haɓa. Ta ce ita dai wannan soyayya ta mutanen cikin gari ta fi ƙarfinta: mai so ya yi shiru, wadda ake so ta yi shiru, a bar ɗan rakiya da surutu. Ta ce a garinsu mutum da bakinsa yake faɗa, in an ƙi shi ya tafi gona ya yi kukansa. Sannan ta yafa gyale ta ce su tafi.

Sun sami Mansir a bayan kasuwa yana wanke taɓo daga tayoyin bas. Da ya gan su ya ajiye bokiti, ya yi wa Ni'ima murna, ya ce Allah Ya sanya alheri. Muryarsa kamar ta wanda ya kwana da zazzaɓi.

"Murnar me kake yi min?" ta ce.

Da ƙyar Dorcas ta tatso zancen daga bakinsa. Ya ce shi ne ya roƙi Abdulbaqi ya raka shi. Amma a mako na huɗu Abdulbaqi ya same shi ya ce ya yi haƙuri, yarinyar ta kira shi a waya ta ce shi take so. Mansir ya ce bai yi musu ba, don shi ma yana da ido. Da Abdulbaqi take dariya, gefen Abdulbaqi take zama, shi kuwa ko sau ɗaya ba ta taɓa kallon sa ba. Tun daga ranar sai ya koma shi ne ɗan rakiyar.

"To me ya sa ka ci gaba da zuwa?" in ji Ni'ima.

"Na ce zan kai ki ki ga giwa."

Ashe a kan dakali ɗaya an yi musayar wuri, ita da ake yi dominta ba ta sani ba. Ni'ima ta kalli bokitin, ta kalli tayar, a karon farko ta kalli fuskarsa.

"Ban taɓa kiran sa ba," ta ce. "Kuma kai ɗan garin nan ne. Ka san wanda mace take kasa kallo."

Ya yi tsaye da soso a hannu, ruwa yana ɗiga a kan takalminsa.

"Gobe Juma'a," ta ce. "In kana da magana, ka zo wajen Baba. Kai kaɗai."

A hanya ta kira Abdulbaqi. Ta zaci zai musa, bai musa ba. Ya ce shi ne ya riƙa ɗaga tafiyar don kada zuwan ya ƙare. Ya ce ƙarya ɗaya ya yi a duk mako bakwai ɗin, sauran duk gaskiya ne.

"Gimbiya, a madadinsa na fara magana. Wallahi ban san ranar da ta zama tawa ba."

Ta kashe wayar, ta rasa ko haushinsa take ji ko tausayinsa.

A gida abin bai zo da sauƙi ba. Inna ta yi kuka, ta ce ai ta tambaye ta, kuma ta sunkuyar da kai. Ni'ima ta ce ta sunkuyar, amma ba don wannan ba. Baba, Malam Umar, bai ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata ta ke nan. Ya ce shi da Alhaji Jalo shekara ashirin suna sahu ɗaya a masallaci, kuma tunda yake bai taɓa cewa na ba ku ya dawo ya ce na fasa ba. Ya ce shi bai san wani Mansir ba. Ya dai san akwai wani yaro da ke zama a ƙarshen dakali kamar an jingine tabarya.

Bayan an sakko daga Juma'a aka yi sallama. Murya ɗaya.

Ni'ima ta laɓe a bayan ƙofar zaure. Ta hango Mansir ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa. Ya gaishe da Baba. Daga nan ya yi shiru.

Shirun ya yi tsawo. Akuyar maƙwabta ta yi kuka ta gaji. Ni'ima ta dafe ƙirji tana cewa a ranta, yi magana, don Allah yi magana...

"Shirun naka ka kawo min ni ma?" in ji Baba.

"Baba..." in ji Mansir. "A daji aka koya min, in kana son abu ya zo kusa, ka kashe mota ka yi shiru. Na ɗauka ko'ina haka ake yi. Na yi kuskure. Ni ne nake son Ni'ima. Tun ranar farko ni ne."

Baba ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce, ba tare da ya waiwaya ba, wadda ke bayan ƙofa ta shigo.

Ta shigo ta durƙusa, kanta ya tafi ƙasa da kansa.

"A'a," in ji Baba. "Wannan sunkuyar da kan shi ya kawo mu nan. Ɗago. Faɗi suna."

Ba ta taɓa jin 'yar da ta ambaci sunan saurayi a gaban mahaifinta ba. Ta tuna Lahadi jibi ce.

"Mansir," ta ce.

"Ban ji ba."

"Mansir, Baba."

Ranar Asabar Baba ya ɗauki kwandon goron da kansa don ya mayar wa Alhaji Jalo, ya ƙi yarda kowa ya raka shi. Ya dawo bai ci abinci ba. Ya aika wa Mansir cewa kada ya sake taka ƙofar gidan sai damina ta ɗauke, in har lokacin bakinsa bai sake rufewa ba, ya turo.

Bakin bai rufe ba. Bayan kaka aka ɗaura aure. Da aka kai amarya, ƙawayenta suka jeru suna jiran abokin ango ya zo sayen baki, sai ga ango ya shigo shi kaɗai, yana gumi. Dorcas ta tambaye shi ina mai magana. Ya ce shi ne. Ya durƙusa gaban lulluɓin, ya yi in'ina, ya ce, "Ni'imata, sannu da zuwa," ɗakin ya kwashe da dariya, amarya ma kafaɗunta suna rawa a ƙarƙashin mayafi.

Daga baya Ni'ima takan lissafa abin da shirun nan ya cinye. Abota ta shekara ashirin da biyu, don Abdulbaqi bai zo ɗaurin aure ba, kuma in ya hango bas ɗin yakan shige cikin shago. Sahun Baba, wanda ya koma wani masallaci mai nisa, yana takawa da ciwon gwiwa. Wata huɗu da Baba bai kira ta da sunanta ba. Mata uku a layin teloli da har yau ba sa amsa gaisuwarta, saboda sun sayi takalmi mai rufi a banza. Tafiya ɗaya, kujera goma sha biyu.

Giwa kuwa, har yau ba ta gan ta ba.