Audugar Madam Rumaisa'u

Ranar kasuwar Sassumbrum suka fara haɗuwa, kuma babu mai fara'a a cikinsu. Rumaisa'u, mai koyar da Ingilishi a kwalejin garin, ta yi aji huɗu tun safe har muryarta ta dishe, ga motar da za ta kai ta gida Magaria ta ƙi tashi. Muttaƙa kuwa mai yi wa dabbobi allura ne a rugagen Yekuwa, ranar kasuwa yakan taɓa kabu-kabu, wato ɗaukar fasinja a moto. Moto ɗinsa ta hau, ba ta ko dubi fuskarsa ba.

A hanya ta ji yana ta ƙunƙuni shi kaɗai. Da ta gaji ta tambaye shi ko lafiya. Ya ce Ingilishi yake bita: pull da full. Ta ce ya sake, ya sake.

"Malam, ai kalma ɗaya ka faɗa sau biyu."

Kunya ta kama shi. Ya gaya mata wani furoje, wato shirin taimaka wa makiyaya, ne ke neman ma'aikaci mai jin Ingilishi, saboda aiki da mutanen tsallaken iyaka. Sau biyu ana yi masa tambayoyi ta waya, sau biyu ana cewa ba a gane abin da yake faɗa. Saura wata huɗu a sake kira. Da ta sauka ya ƙi karɓar kuɗinta, ita kuma tausayi ya sa ta ba shi lambarta.

Haka ta fara koya masa, a gindin bishiyar bedi ta bayan makaranta suke zama in an tashi. Dabararta ɗaya ce. Sai ta tsinko 'yar auduga ta ɗora a tafin hannunta, ta kai kusa da bakinsa. In ya haɗe leɓe ya sake su lokaci guda, audugar ta yi tsalle, p ke nan. In ya ɗora haƙora a leɓen ƙasa ya saki iska a hankali, audugar ta yi ta rawa, f ke nan. A baki abu mai sauƙi, amma bakin Muttaƙa shekara ashirin da takwas yana bin hanya ɗaya, bai ga dalilin sakewa ba. Wata rana ya dace, kashegari ya dawo kamar ba a taɓa koya masa ba. Takan dafe kai ta ce ya fi 'yan ajinta sittin gajiyar da ita, amma in ya makara ita ce mai leƙen hanya.

Shi ya fara kasa haƙuri, ya aiko mata saƙo a waya:

"Malamata, yau na yi bita sau ɗari a gaban awaki, ba wadda ta gyara mini. Na gane ba darasin kaɗai ke kawo ni ba. Ina son ki."

Ta amsa: "Ɗalibina mai taurin baki, wannan kam ka faɗe shi daidai. Ka je ka ga Baba."

Babanta, Malam Mohamman, ba mai hayaniya ba ne. Ya ce bai ƙi yaron ba, amma allurar awaki da kabu-kabu ba su riƙe gida, ya samo aikin tukuna. Gwaggo Uwani, yayar Malam, ita tuni ta zaɓi nata: Barau dillalin riɗi, wanda ya daɗe yana turo gaisuwa Rumaisa'u na kawar da kai.

Barau ne ya kawo labari. Ya ce da idonsa ya ga yaron yana motsa baki yana tofi a hannunta, ita kuma ta damƙe abin ta sa a jaka. Gwaggo ta zazzage jakar, sai ga leda cike da guntayen auduga, don Rumaisa'u ba ta son zubar da shara a harabar makaranta. Ni dai ban ga laifin tsohuwa ba. Wanda duk ya tashi a ƙasar nan, in ya ga namiji na hura wa mace abu a hannu, ba boko ne zai fara zuwa masa a rai ba. Rumaisa'u ta yi bayani har ta gaji, aka ce ai dama wanda asiri ya ci shi ne na ƙarshen sani. Malam ya karɓe ledar, ya ce kada su ƙara zama tare.

Sati uku ya rage a sake kiran Muttaƙa a lokacin. Tana zuwa aiki tana dawowa, ba ta cin abincin kirki. Ranar da aka kira shi, saƙonsa ya shigo bayan la'asar.

"Rumaisata, ban samu ba. Sun ce na ƙaru, amma akwai wanda ya fi ni. Ki yafe mini wahalar da na ba ki. Na gaji."

Ta yi kuka sosai.

Kashegari ya zo Magaria da kansa, ya durƙusa a zaure ya gaya wa Malam cewa ya faɗi, bai samu aikin ba, don kada ya ji a bakin wani. Malam ya zaro ledar daga aljihu ya tambaye shi wane malami ne ya ba shi wannan.

"Baba, 'yarka ce malamar."

Ya ɗora auduga a hannunsa ya nuna. Malam ya ce a ba shi shi ma. Ya hura, ya sake hurawa, audugar ba ta yi tsallen ba ko sau ɗaya, har Gwaggo da ke laɓe a bayan ƙofa dariya ta ƙwace mata. Ya tambayi Muttaƙa sau nawa yake zuwa wannan wahala. Ya ce sau uku a sati, daga Yekuwa, cikin rairayi.

"Na ce sai ka samu aiki don ina tsoron raggo ne," in ji Malam. "Raggo ba ya wannan, ba ya kuma kawo kansa ya ce ya faɗi. Ka turo magabatanka."

Bayan kaka aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam, aka raba goro da dabino. Gwaggo Uwani ta fi kowa rawar kai, tana gaya wa mata dama ita ta san yaron kirki ne. Ana shirin kai amarya wayarta ta yi ƙara.

"Amaryata, har yanzu ba ni da aikin nan, amma ina da ke."

Ta rubuta masa da hannu mai lalle: "Za a sake kira baɗi, angona. Yanzu dai mu huta."

Malam ya dafa kanta ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya sa wahalarsu ta tsaya iya nan. Mata suka amsa da amin.