Tabon da Ke Fuskar Likita

A wani ƙaramin gari akwai wata yarinya 'yar aji shida. Kowa 'Yar Fensir yake kiranta, don ba a raba ta da zane. Ko tsinke ka ba ta, sai ta fitar maka da akuya a ƙasa.

Garin yana da wani ɗa da yake tinƙaho da shi. Likita ne mai yi wa yaran da wuta ta ƙona aiki. Sunansa ya kai ƙasashe masu nisa. Da aka ji zai zo ganin gida, sai kowa ya tashi tsaye. Kafinta ya gyara bencinan makaranta. Masu shaguna suka share titi. Hedimasta kuwa ya ce za a zana Likita a bangon ajin da ya yi karatu.

Malamar zane ta kira 'Yar Fensir, ta miƙa mata hotonsa.

"Ke za ki zana shi," in ji ta. "In kin ga abin da ba ki gane ba, ki tambaya."

'Yar Fensir ta duba hoton. Daga kunnen Likita har zuwa haɓarsa akwai wani babban tabo, fatar duk ta tattare. Ta yamutsa fuska.

"Haba! Babban mutum kamar wannan a bar shi da tabo?" ta ce a ranta. "Ni zan gyara shi."

Ba ta tambayi kowa ba. Ta rataya tsohon labule a gaban bangon don kada a leƙa. Ƙawayenta suka ce za su taya ta. Ta ce, "A'a, za ku ɓata min aiki."

Da ta gama, Hedimasta ya aika aka ɗauko mahaifiyar Likita, wata tsohuwa mai dogara sanda. Aka janye labule. Ga fuska sumul, ko ƙurji babu.

Tsohuwa ta daɗe tana kallo. Can ta ce, "Wannan kyakkyawan yaron ɗan waye?"

Yara suka kwashe da dariya.

"Inna, ai ɗanki ne," in ji Hedimasta.

"A'a. Nawa yana da tabo. Wannan ban san shi ba."

Ta juya a hankali ta kama hanyar gida. Dariya ta tsaya cak. Hedimasta ya girgiza kai.

"A shafe bangon da farin fenti," in ji shi. "Mu rubuta barka da zuwa kawai."

A gida 'Yar Fensir ta ƙi cin abinci. Ƙaninta Auta sai zagaya ta yake yana cewa, "Yaya ta zana baƙo! Yaya ta zana baƙo!"

"Kai, fita ka ba mu wuri!" Mama ta daka masa tsawa.

Baba ya tsayar da keken ɗinkinsa. "Me ya sa kika cire tabon?"

"Na so ya yi kyau ne, Baba."

"Kin tambayi wanda ya san shi?"

Ta sunkuyar da kai. "A'a."

"To, yanzu me za ki yi? Kuka ko gyara?"

Ta share hawaye da bayan hannu. "Gyara."

Washegari ta tsaya a ƙofar ofishin Hedimasta. "Malam, na yi kuskure. Don Allah a bar ni in sake."

Ya dube ta ta saman tabarau. "Lokaci ya ƙure fa."

"Zan yi, Malam. Ko hannuna zai tsinke."

"Shi ke nan. Amma wannan karon ba labule."

Daga nan ta wuce gidan tsohuwa. Ta gaishe ta, ta ba ta haƙuri, sannan ta tambaye ta labarin tabon.

"Zauna, jikata," in ji tsohuwa. "Yana ƙarami fitila ta faɗo masa. Ya daɗe kwance a asibiti. Da ya koma makaranta, yara suka riƙa yi masa dariya. Na ce ya zauna a gida, ya ƙi. Ya ce sai ya zama mai warkar da irinsa. Yanzu in aka kawo masa yaro yana ɓoye fuska, sai ya nuna masa tasa. Nan take yaron ya daina jin tsoro."

'Yar Fensir ta tuna da fuskar da ta zana. Ashe abin da ta goge shi ne mafarin komai.

Ta koma bakin bango, ta roƙi ƙawayenta su taimaka. Wata na dama fenti, wata na riƙe tsani. Zanen tabon ba sauƙi. Na farko Auta ya ce kamar ƙadangare. Ta goge. Na biyu ya yi duhu da yawa. Ta sake gogewa. Kafaɗarta ta yi tsami, amma ba ta sauko ba.

Aka kawo wa tsohuwa kujera a inuwa. Tana nuni da sanda tana cewa, "Sauko da shi kaɗan. Yauwa, nan ne!"

Ranar da Likita ya iso, gari duka ya taru a makaranta. Ya tsaya a gaban bangon, ya kai hannu ya shafa kuncinsa.

"Wa ya zana wannan?"

Malama ta turo 'Yar Fensir gaba.

"Sannu da aiki, 'yata," in ji shi. "A wurare da yawa an yi hotona, ana juya ni don kada tabon ya fito. Ke kin zana ni yadda nake. Na gode."

Aka yi ta tafa mata. Tsohuwa ta riƙe hannun 'Yar Fensir tana sa mata albarka.

Daga ranar 'Yar Fensir ta gane cewa girmama mutum shi ne a karɓe shi yadda yake. Ta kuma koyi yin tambaya kafin ta yanke hukunci, da tsayawa ta gyara in ta yi kuskure.