Aljanin da Ya Roƙi Rijiya

A ƙauyenmu na bakin teku, can kudancin Japan, an yi wani masunci, Tokumatsu, da matarsa Kinue da 'yarsu guda, Sayo, budurwa mai saurin hannu wajen gyaran koma. A shekarar da nake ba ku labari kifi ya yi sauƙin kamu. Sai ka ga manya sun taso saman ruwa suna juyi wuri ɗaya kamar masu maye, ka sa hannu ka ɗauka. Aka ce kyautar teku ce. Wanda aka yi wa kyauta kuwa ba ya bincike.

Wata magariba suna zaune kan tabarma, shinkafa na tururi, sai aka ji jifa a kan rufi. Aka sake jefowa. Kyanwar gidan ta miƙe ta yi ta zagaya kanta, yawu na zuba, sannan ta fita a guje ta faɗa teku.

"Baban Sayo," in ji Kinue a hankali, "kyanwa da ruwa?"

"Ci abincinki."

Sai tsinkayen cin abinci suka suɓuce daga hannun Sayo. Ta ce ba ta jin yatsunta.

Daga ranar gidan ya yi nauyi. Tafiyarta ta karkace, harshenta ya yi kauri, ganinta ya tsuke kamar mai leƙe ta cikin gora. Kullum rana ta faɗi jifa ya dawo, ita kuma ta kama gurnani da muryar da ba tata ba. Tokumatsu ya yi abin da mutanenmu ke yi wa majinyaci: ya zaɓi mafi kyau cikin kamunsa, ya yanka ɗanye, ya riƙa ba ta a baki safe da yamma.

Da abin ya ƙi, aka sauko da Kaka Otome daga ɗakin ibada na kan dutse, tsohuwar da ta haddace addu'o'in mutanen da. Ta watsa gishiri, ta kunna turare. Da jifa ya fara, ta ce wa Tokumatsu, "Hau ka kwaso mini duwatsun."

Ya hau. Maimakon duwatsu, ya sauko da hankaki da tsuntsayen teku, wasu matattu, wasu na karkarwa.

Kaka ta dafa goshin Sayo. "Kai wane ne?"

"Mai wannan ruwa," in ji wata murya, tsohuwa, a shaƙe. "Tun kakanninku ba su sassaƙa jirgi ba nake ciki."

"Tsofai-tsofai da kai, ba kunya? Teku ta yi maka kaɗan ne?"

"Ta ruɓe. Bututun masana'antar da ke ƙetaren ruwa na zuba mini abin da ke cin ƙwaƙwalwa. Kifi ya manta iyo, ƙaguwa ta manta raminta, tsuntsun da ya ci su ya manta tashi. Kifayen nan 'ya'yana ne, su nake bi duk inda aka kai su. A cikin yarinyar nan na tarar da su da yawa."

Tokumatsu ya dubi hannun da ya riƙa ba ta kifin da shi.

"Me za a ba ka ka fita?" in ji Kaka.

"Rijiyar da ke bayan gidan nan, a rufe mini ita in zauna."

"Su sha me? Guga biyu da safe nasu ne."

"Ke tsohuwa kin iya ciniki. Na yarda. Amma jirgin ubanta ya bar ruwa, ba ci, ba sayarwa."

"In na ja jirgi tudu za a tambaye ni dalili," in ji Tokumatsu. "In na faɗa, wa zai ƙara sayen kifin ƙauyen nan? Tsine mini za su yi."

"To bar ni nan," in ji muryar. "Da ɗumi."

"Baban Sayo!" in ji Kinue.

Ya sunkuyar da kai har goshinsa ya taɓa tabarma. "Na yarda."

Hayaƙin turare ya kwanta ya nufi ƙofa. Can cikin rijiya aka ji tsulum.

Sayo ta buɗe ido. "Inna, ƙishirwa." Aka ba ta kofi, hannunta na rawa, rabi ya zube.

"Kaka, bai gama fita ba ne?" in ji uban.

"Ya fita. Abin da ya koro shi daga gidansa ne ya rage, shi kuwa ba ya jin addu'a. Ku kai ta asibiti, ku faɗi abin da ta ci."

Sayo ta rayu, 'ya'yana, ko da yake ba ta ƙara riƙe allurar koma ba.

Da gari ya waye Tokumatsu ya ja jirginsa tudu ya kife. Masunta suka taru. "Kai Toku, aljanin ya dawo kanka ne? Ga kifi na kiran mutane!" Ya tsaya a gabansu ya faɗi komai, bai rage ba.

Da magariba aka sake jin jifa a kan rufi. Ya ɗauki tsani ya hau ya duba. Wannan karon duwatsu ne na gaske, jifan maƙwabta.